Yadda ƙwaƙwalwar kyanwa ke gane inda abu ya nufa

Ƙanena, ka tambaya me ya sa kyanwarku ta can Birni ba ta kula ƙadangare in ya lafe a katanga, amma da ya motsa sai ta zabura, har ta san inda ya dosa.

Ba aikin ido kaɗai ba ne. Saƙon ido yana isa sashen gani da ke bayan ƙwaƙwalwa, can ƙwayoyin jijiya suka raba aiki. Masana kimiyya David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna haka a Amurka a 1959. Sun sa wa kyanwa maganin barci, suka cusa siririyar waya a ƙwaƙwalwarta, suna haska mata layin haske a allo. Sai ga ƙwaya ba ta amsawa sai layin ya karkata yadda take so. Wasu ma sun fi tsirfa: in layin ya yi dama, su yi ta harba saƙo, ya juyo hagu, shiru kake ji. Wasu kuwa akasin haka.

Dalilin shi ne lokaci. Saƙonnin da ke shigo wa ƙwayar ba tare suke isowa ba, wani na jinkiri. Motsi ta ɓangaren da take so yakan sa su haɗu su ƙarfafa juna, ta ɗaya ɓangaren kuwa saƙon hanawa ya danne ta.

A ganina abin da ya fi ban mamaki shi ne, ƴan kyanwar da aka rena cikin haske mai walƙiya kawai, ba su ga motsi a jere ba, yawancin ƙwayoyinsu sun rasa wannan baiwa.

Hubel da Wiesel sun samu kyautar Nobel a 1981.