Tambaya da Amsa: Shirya Ɗakin Jariri

Tambaya: Ina da juna biyu, ina kuma shirya ɗakin jariri. Mariƙan ƙofa da na durowa, na tagulla zan zaɓa ko na ƙarfe?

Amsa: Allah ya sauke ki lafiya, 'yar'uwa. Ni dai na fi son ƙarfen da ba ya tsatsa, marar sheƙi sosai, domin ba ya nuna sawun yatsu, alhali tagullar da ba a rufe fuskarta ba takan yi duhu a hankali. Mariƙin ya zama marar kaifi, a ɗaure shi tamau, kada ya kwance yaro ya kai baki. Fenti kuwa, a nemi marar dalma, a shafa makonni kafin haihuwa domin warinsa ya fita. Tazarar sandunan gadon jariri kada ta wuce santimita 6.