Me ya sa sabon shafen kwalta yake ɓarewa bayan damina ɗaya?

Malam, ka ce an shafa wa titin unguwarku ta Zariya, a nan cikin Maradi, kwalta, amma kafin ƙarshen Agusta ta ɓare. Wannan shafe fata ce kawai, aikinta hana ruwa da rana cin titi. Ba ta gyara abin da ya lalace a ƙasa.

Duba tsagewar tukuna. In ta yi kamar bayan kada, gindin titin ne ya mutu, sai an tone an sake zuba jar ƙasa an daddaɓe. In layi-layi ce, a cike ta kafin shafe. Sannan ga yashinmu na Maradi: in ba a share shi tas ba, yashi kwaltar za ta kama, ba titi ba. Haka in an zuba a kan danshi, ko inda man kabu-kabu ya jiƙa.

Abin da ya fi damuna shi ne magudanar ruwa. Ta toshe da leda, ruwa ya kwana a titi, ya shige ƙarƙashi.

Kada ku cike ramuka da shara. Ku ɗauki hotuna, ku bi ta wurin mai unguwa zuwa ma'aikatar magajin gari, injiniya ya zo ya duba gindin.