Amsa: Yadda ake kashe ƙyallin azurfa ta fito dushi-dushi

Ɗan'uwa, ka ce zoben da ka ƙera yana walƙiya kamar madubi, mai shi kuma ba ya son haka. Abin ba wuya.

Fara da goge shi tas tukuna, domin duk wani tabo na guduma ko zarto da ka bari zai fito fili bayan ka kashe ƙyallin. Sannan ka ɗauki soson Scotch-Brite ko samfefa mai lamba 600, ka riƙa ja ta gefe ɗaya kawai. Kar ka yi ta zagaye, sai ya zama kamar an kankare tukunya.

Ni dai na fi son hanyar wuta, musamman a 'yan kunne. Azurfa 925 tana da jan ƙarfe kashi 7.5 cikin ɗari. Ka ɗumama ta har ta yi baƙi-baƙi, ka tsoma a ruwan alif mai zafi, ya cinye jan ƙarfen da ke sama, ta fito fara fat kamar alli. Maimaita sau biyar ko shida. Amma cire dutsen ado kafin wuta, kuma kar ka ɗauko ta daga ruwan alif da hantsakin baƙin ƙarfe. Na taɓa yi, munduwa ta fito ja-ja, sai da na sake aikin daga farko.

Ka faɗa wa mai zoben gaskiya: da yawan gogar hannu da tufafi ƙyallin zai dawo. Minti biyu da soson nan ya isa a sake kashe shi.