Tambaya da Amsa: Wai tashar WSB-TV ta ABC ce ko ta wa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a warware min wani abu. Ban daɗe da zuwa Atlanta ba, in na kunna tasha ta 2 da safe sai in ga Good Morning America na ABC, anjima kuma ga labaran gari ana ta cewa WSB-TV. Tasha ɗaya ce ko biyu ne ke karɓa-karɓa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Tasha ɗaya ce, amma ba ta ABC bace, yarjejeniya ce kawai a tsakaninsu. Haka tsarin yake a Amurka, manyan kamfanoni irinsu ABC da NBC da CBS tashoshin da suka mallaka da kansu ba su da yawa, sauran duk na wasu ne, suna karɓar shiri daga uwar kamfani su watsa a yankinsu.

WSB-TV ta fara aiki ranar 29 ga Satumba 1948, ita ce talabijin ta farko a jihar Jojiya, kuma gidan Cox masu jaridar Atlanta Journal ne suka kafa ta. A lamba 8 ta fara, sai 1951 ta koma lamba 2. Abin da zai baki mamaki, shekara talatin da ɗoriya tana tare da NBC ne, sai da ABC ta zama ta ɗaya wajen yawan masu kallo a ƙarshen shekarun 1970 ita kuma NBC tana ta jan ƙafa, toh a 1980 WSB ta sauya sheƙa, NBC ta koma WXIA mai lamba 11. Ba maganar amana a harkar nan, inda masu kallo suke nan ake bi.

Yadda ake raba lokacin kuwa, shirin safen da kika gani da labaran yamma na World News Tonight da kuma daga ƙarfe 8 zuwa 11 na dare duk na ABC ne. Akwai shirye-shiryen da tashar ke saya daga wasu kamfanoni ta cike gurbi. Sai nata na kanta, wato labaran gari na Channel 2 Action News, kuma a ganina nan ne ƙarfinta yake, don mutumin ABC da ke Niyok ba zai gaya miki wace hanya ce ta cushe a Atlanta yau ko guguwa ta doso unguwarku ba, ga shi tallan da ake sawa a lokacin kuɗinsa aljihun tashar yake shiga. A nan ne Monica Kaufman ta fara karanta labaran yamma a 1975, mace baƙar fata ta farko da ta yi haka a Atlanta, sai 2012 ta yi ritaya.

Af, a da ABC da takwarorinta su ke biyan tashoshi don a sa shirinsu, yanzu abin ya juye, tasha ce ke biya daga kuɗin da kamfanonin kebul ke ba ta.