Houston ko New York: ina haraji ya fi nauyi?

Malam, ka ce an yi maka tayin aiki a biranen biyu na Amurka, kuma kana ganin Houston ta fi rangwame tunda jihar Teksas, inda Houston take, ba ta karɓar haraji a kan albashi. Hakan gaskiya ne, domin mazaunin birnin New York, bayan harajin gwamnatin tarayya wanda duka biyun ke biya, sai jiha ta yanki nata, sannan birnin shi ma ya yanki nasa, wanda yake kaiwa kashi 3.876 cikin ɗari.

Sai dai abin da Teksas ta bar maka a albashi tana biyo ka gida ta karɓa. Harajin gidaje a can yana cikin mafi tsada a ƙasar, kuma da shi ake ɗaukar babban kason nauyin makarantun gwamnati. Wanda ya sayi gida zai ga takardar tana zuwa masa duk shekara, ɗan haya kuma kada ya zaci ya tsira, domin mai gida ya riga ya cusa kuɗin a cikin haya.

Harajin sayayya kuwa bambancinsa kaɗan ne: kashi 8.25 a Houston, kashi 8.875 a New York, inda riga ko takalmin da bai kai dala 110 ba ba a ɗora masa komai.

A ganina, idan albashin mai tsoka ne kuma haya za ka kama, Houston za ta fi bar maka kuɗi a aljihu. Idan kuwa niyyarka sayen gida, ka nemi takardar harajin gidan ta bara tun kafin ka sa hannu.