Amsa: Kwana karatu kafin jarrabawa

Malama, kin tambaya ko kwana karatun da ƙaninki yake yi a Jami'ar Tarayya ta Gusau ne ya sa sakamakonsa ya ja baya. Ina ganin akwai hannun kwana karatun a ciki, domin lokacin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta, kuma baligi yana buƙatar awa 7 zuwa 9 kowane dare. Ɗalibin da ya kwana da shayi da fitilar waya yakan zauna a ɗakin jarrabawa yana hamma, amsar da ya sani ta ƙi zuwa. Fargaba kuma tana ƙara kotisol, sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa, wanda yawansa ke hana barci. Ki ba shi shawara ya riƙa kwanciya da wuri, ya koma littafi bayan sallar asuba.