Saɓanin ilimi ya raba Einstein da Born?

Ka tambaya ko gardamar kimiyya ta ɓata abotar masana kimiyyar fiziks Albert Einstein da Max Born. A'a, ɗan'uwa, sun yi ta musayar wasiƙu har rasuwar Einstein a 1955.

Saɓanin dai mai zafi ne. Born ya nuna a 1926 cewa a ka'idar kwantum (ilimin yadda abubuwa mafi ƙanƙanta irin su atam ke aiki) ba a iya faɗin takamaiman inda ƙwayar lantarki za ta bayyana, sai dai a lissafa yiwuwar hakan. Einstein ya rubuto masa cewa shi bai yarda Ubangiji yana caca da duniya ba, kuma bai sauka daga wannan ra'ayi ba har ƙarshe. A ganina Born ne ke da gaskiya, ga shi ya samu kyautar Nobel a 1954 kan wannan aikin.

Akwai kuma wani batun kuɗi mai ban dariya da ya haɗa su. Da darajar kuɗin Jamus ta faɗi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Born a Frankfurt ya riƙa gabatar da laccoci kan ka'idar Einstein game da lokaci da sarari (relativity), ana biyan kuɗin shiga, don ya tallafa wa gwajin kimiyyar da abokan aikinsa Stern da Gerlach ke yi.